Hanyar keke da babu mota a kwarin kogin Loire: wa ya taɓa bi?

Baban Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. A Paris muke zaune. Hutun yara ya matso, kuma na yi musu alkawarin tafiyar keke ta kwana uku ko huɗu a watan Yuli. Iman shekararta 13, ƙanenta 10. Buƙatata guda ce: hanyar da mota ba ta bi. Watan jiya muna dawowa daga Islamiyya ni da yaron, kowa a kan kekensa, wata mota ta wuce mu a guje, saura ƙiris madubinta ya daki kafaɗarsa. Allah ya tsare, amma tun ranar mamansu ta ce ba zai sake hawa titi ba, ni ma ban ja da ita ba. An ce mini a kwarin kogin Loire akwai hanyar keke da ke bin bakin ruwa, tana ratsa gonaki da tsofaffin fadojin sarakunan Faransa. Wa ya taɓa bi? Da gaske babu mota? Sannan dole ne sai na sayi irin keken tsakuwar nan mai ƙaton taya, ko namu na gida sun isa?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ƙara tsarewa. Ni a Orléans nake karatu, kusan duk Lahadi ina kan hanyar nan. Sunanta Loire à Vélo, tsawonta kusan kilomita 900, daga wajen Nevers har inda kogin ya faɗa teku a Saint-Brevin-les-Pins. Amma kada in ruɗe ka, ba dukanta ce babu mota ba. Ka riƙe kalmomi biyu in kana duba taswira. Inda aka rubuta voie verte, nan doka ta hana duk abin da ke da inji, sai keke da masu tafiya a ƙasa. Inda aka ce véloroute kawai, to kuna iya raba ƙaramar hanyar ƙauye da motoci, ko da jefi-jefi suke wucewa.

Baban Iman: To ka ga abin da nake gudu ke nan. Jefi-jefin nan ai ita ce ta kusa kwashe mini yaro.

Injiniya Angers: Ɗan Damagaram ya faɗi gaskiya, zan ma ƙara. Mutane suna ganin hoton mai keke a kan tudun bakin kogi sai su ɗauka duk haka hanyar take. Tudun nan ba don keke aka yi shi ba, ganuwa ce ta tare ambaliya. A yankinmu na Anjou tun ƙarni na 12 aka fara ɗaga shi, ana ta ƙara masa tsayi, duk da haka ruwa ya fasa shi a 1846 da 1856 da 1866. Har yau in ka shiga garuruwan bakin kogin za ka ga layukan da aka zana a jikin bango da shekarun nan, wasu sun fi tsayin mutum. To da yake tudun shi ne wuri mafi tsayi kuma busasshe, a wurare da yawa babban titin mota ne a kansa. Don haka kada ka ce za ka bi kogi kawai da ido. Zaɓar yanki za ka yi.

Maman Sadiq: Baban Iman, ku zo Blois. Shekarata 9 a garin nan, kuma da yarana nake fita. Daga Paris jirgin ƙasa daga tashar Austerlitz zai kawo ku cikin kamar awa biyu ko ƙasa da haka. In kun tsallaka tsohuwar gada zuwa kudancin kogi, akwai hanyoyin keke da yawa da ke shiga dazuzzukan Russy da Boulogne, har fadojin Chambord da Cheverny. Cikin dajin akwai sassan da ƙasa ce da tsakuwa aka daddaɓe, ba ka jin komai sai tsuntsaye da ƙarar tayarka. Wuraren da za ku tsallaka titi ba su da yawa, kuma ni a irin wurin sauka nake sa yara su yi, mu tura da hannu.

Ɗan Damagaram: Haka ne Anti. Ni hanyar da na fi so ita ce a bi bakin kogi daga Blois zuwa Saint-Dyé-sur-Loire, sannan a karya kudu a shiga Chambord. Kilomita 20 da 'yan kai ne. Saint-Dyé ƙaramin gari ne yanzu, amma nan ne jiragen ruwa suka riƙa sauke farin dutsen da aka gina fadar da shi. Kana biyo sawun dutsen ke nan a kan keke. Maganar keke kuwa Yaya, ni dai shawarata ka sayi na tsakuwa. Taya mai faɗin milimita 40, ka rage mata iska kaɗan, sai ka ji kamar a kan katifa kake.

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ɗana, a nan ban bi ka ba. Kai saurayi ne, kana yin kilomita 80 a wuni, keken nan ya dace da kai. Mutumin da ke da yara biyu da uwargida, ka ce ya sayi kekuna huɗu don tafiyar kwana uku? Na haura shekara 25 a Tours, kuma keken da nake zuwa kasuwa da shi, mai kariya a baya, da shi na bi hanyoyin nan duka. Tsakuwar nan ba irin burjinmu ba ce mai rami da gargada. Ƙanana ce, an danne ta da inji. Duk keken da tayarsa ta kai milimita 35 zai wuce lafiya. Wanda bai dace ba shi ne keken tsere mai siririyar taya. Baban Iman, kai dai ka kai naku wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa, ya canza tayar da ta cinye.

Ɗan Damagaram: Na karɓi gyara Baba. Sai dai in an yi ruwan sama ƙasar Sologne, yankin dazuzzukan nan, tana da taɓo da yashi, nan ne ƙaton taya ke nuna amfaninsa.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne. In an kwana ana ruwa, a bar daji a bi kwalta.

Bakatsine a Lyon: Ni fa ina da tambayar da ta sha bamban. Na gane maganar hanya da lafiyar yara. Amma me ya sa za mu kwashi 'ya'yanmu mu biya kuɗi don su kalli gidajen sarakunan mutanen da suka mulke mu? Yaro ya girma ya san ɗakunan Chambord, bai san Gobarau ba, bai san Gidan Rumfa ba. Abin yana damuna ƙwarai. In motsa jiki ake so, ga dazuzzuka nan kyauta.

Maman Sadiq: Malam, sanin wannan ai ba ya hana sanin wancan. Sadiq ya je fadar Sarkin Damagaram da kakansa ya kai shi, ya kuma je Chambord da makarantarsu. Da ya dawo shi da kansa ya tambaye ni me ya sa gidan sarkinmu yake tsakiyar gari mutane suna shiga suna fita, na nan kuwa yake can cikin daji babu kowa. Tambayar nan ta fi mini kuɗin tikitin. Kuma shiga harabar Chambord da keke kyauta ne, ginin ne kawai ake biya, yaran da ba su kai 18 ba in suna tare da iyayensu ba sa biya.

Injiniya Angers: Tambayar Sadiq tana da amsa. Chambord ba gidan zama ba ne tun asali. Sarki François na Ɗaya ne ya sa aka fara ginin a 1519, don farauta da nuna isa. Ɗakuna sun haura 400, murhun jin ɗumi 282, amma duk kwanakin da shi kansa ya yi a ciki ba su kai wata uku ba. In zai zo, kayan ɗaki ma tare da shi ake kawowa, in ya tashi a kwashe. Katangar da ta kewaye dajin tsawonta kilomita 32, filin da ke ciki hekta 5,440, kusan girman tsakiyar Paris. Abin da ni ya fi burge ni shi ne matakalar da ke tsakiyar ginin. Matakala biyu ce aka murɗa a jikin juna, mai hawa da mai sauka suna hango juna ta taga amma ba sa haɗuwa. Baban Iman, ka sa Iman ta bi ɗaya ƙanenta ya bi ɗaya, ba za su manta ba. Abu guda da za ka kiyaye: akwai titin mota da ya ratsa cikin katangar, ku bi alamun keke, kada ku bi shi.

Bakatsine a Lyon: Na ji, amma har yanzu tarihinsu ne, ba namu ba.

Malam Habu: Ƙanena, bari in ba ka labarin Amboise, in ka ji sai ka yanke hukunci. Shekarun farko da na zo ƙasar nan ra'ayina irin naka ne, har gaban fadojin nan nake wucewa ban taɓa leƙawa ba. Wata rana wani dattijo ɗan Aljeriya da muke sallar Juma'a tare ya ce mini, ka taɓa zuwa gaida mutanenmu da ke kwance a Amboise? Ban gane ba, sai da ya zaunar da ni.

Sarki Abdulƙadir na Aljeriya, malami ne kuma mayaƙi, ya yi shekara 15 yana fafatawa da sojojin Faransa. A Disambar 1847 ya ajiye makami, bisa alkawarin za a bar shi ya tafi Iskandariya ko Akka. Ba a cika alkawarin ba. Aka kai shi Toulon, daga nan Pau, sannan a Nuwambar 1848 aka kawo shi fadar Amboise aka tsare, shi da mahaifiyarsa da iyalinsa da almajiransa da masu yi musu hidima, mutum sama da 70. Ku yi tunanin mutanen da suka saba da rana, an zuba su cikin ginin dutse a kan tudu, ga sanyi ga damshin kogi. Shekara huɗu suka yi a wurin. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu, da yawansu ƙananan yara ne, aka binne su a cikin harabar fadar. Sai a Oktoban 1852 Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sanar da shi an sake shi. Ya tafi Bursa a Turkiyya, daga baya ya zauna a Dimashƙa, inda a 1860 ya buɗe gidansa ya ɓoye Kiristocin da ake farauta, ya tsaya musu da mutanensa. A can ya rasu a 1883.

A 2005 aka gyara wurin kaburburan ya zama lambu. Duwatsu 25 ne a jere, an kawo dutsen daga Halab ta ƙasar Siriya, an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a jikinsu, kuma akwai layin shuka da ya ratsa lambun yana nuna alƙibla. Ranar da na fara zuwa a kan keke na je daga Tours, kusan kilomita 25. Na hau har sama, na wuce 'yan yawon buɗe ido da suka yi cincirindo a ɗan cocin da kabarin shahararren mai zane Leonardo da Vinci yake, na ƙarasa can ƙarshen lambu. Babu kowa sai ni. Na yi musu addu'a, na daɗe a tsaye ban iya tafiya ba. Tun daga ranar duk shekara sai na koma, kuma a kan keke nake zuwa, don ina son in iso a hankali, in hango fadar daga nesa tana matsowa. Ƙanena, wannan tarihin na waye?

Bakatsine a Lyon: Allahu akbar. Allah ya jiƙansu da rahama. Wallahi Malam ban taɓa jin wannan ba. Na san sunan Abdulƙadir, ban san an tsare shi a nan ba. Maganata ta farko ina nan a kanta, dole mu koya wa yara namu tukuna. Amma Amboise kam zan je.

Malam Habu: Amin. A kan koya musu namu ba mu da saɓani ko kaɗan.

Baban Iman: Malam Habu, jikina ya yi sanyi. Na karanta wa mamansu, ta ce ko ba a je ko'ina ba a je nan. Yanzu ta yaya za mu haɗa Chambord da Amboise ba tare da yaran sun sha wuya ba?

Ɗan Damagaram: Daga Blois zuwa Amboise kusan kilomita 40 ne, Chaumont-sur-Loire tana tsakiya. Sai dai rabin na biyu yana barin bakin ruwa ya hau tudu, kuma akwai inda za ku bi hanyar ƙauye tare da motoci. Wani abu kuma, iska yawanci daga yamma take busowa, ku kuwa yamma za ku nufa, tana gabanku ke nan. Mutane suna cewa a bi inda ruwa ke gangarawa don sauƙi, amma gangaren kogin nan ba a ma jinsa a ƙafa, iskar ce ake ji.

Maman Sadiq: Da yaro ɗan shekara 10 ni ba zan yi wannan yankin ba. Ku sa kekunan a jirgin ƙasa daga Blois ku sauka Amboise, minti 20 ne. A watannin zafi akwai jirgi mai tarago na musamman don kekuna tsakanin Orléans da Le Croisic, amma ku duba ka'idar ajiye wuri kafin ranar, don yana cika. Ba abin kunya ba ne a haɗa keke da jirgi. Kai da ka ce ba ka son mota ko ɗaya, wannan ita ce dabarar.

Injiniya Angers: Na goyi bayan Hajiya. In kuma kuna da kwana na huɗu, ku ƙarasa Tours a jirgi ku bi kogin Cher. Yamma zuwa Villandry kusan kilomita 20 ne, shimfiɗaɗɗiya, yawancinta babu mota, sai dai kwalta ce. Gabas kuma ita ke kai ku Chenonceau, fadar da aka gina a kan kogin kamar gada. Tsohuwar hanyar da ake jan jiragen ruwa ce a bakin Cher, nan za ku sami tsakuwar da kuke so. Akwai 'yar hanya a gaɓar kudu da za ku tsaya ku ga ginin gaba ɗaya da inuwarsa a cikin ruwa ba ku biya ko sisi ba. Dogon zauren da ke kan ruwan tsawonsa mita 60. A yaƙin duniya na farko asibiti aka mai da shi. A na biyu kuma kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, ƙofa ɗaya tana wannan ɓangare ɗaya tana wancan, mutane sun tsere ta cikinsa.

Ɗan Damagaram: Wani abu da ke tsaya mini a rai duk lokacin da na taho daga Orléans: kafin ka iso Saint-Dyé sai ka hango hasumiyoyin tashar nukiliya ta Saint-Laurent suna fitar da tururi a bakin kogin. Mu 'yan Nijar ba ma iya wucewa ba mu tuna Arlit ba, inda aka fara haƙo yuraniyom a 1971, aka yi shekaru ana kawowa ƙasar nan. Bakatsine, ka ga wani wurin da labarinmu ya shigo cikin kwarin nan.

Bakatsine a Lyon: Na gani. Wannan maganar tana buƙatar zama na musamman, kada mu ɓata wa Baban Iman tsarinsa.

Maman Sadiq: To bari in faɗi na uwaye. Na farko abinci. Abin da yankin Tours ya yi suna a kai shi ne rillettes, dakakken nama ne da ake shafa wa burodi, kuma na alade ne, yana cikin sanwici da yawa. Ku tambaya kafin ku saya. A Blois da Tours akwai mahautan halal da masallatai, amma a ƙauyuka babu. Ni dambun nama nake yi in ƙulla, da dabino da dafaffen ƙwai, sai mu sayi burodi da cukun akuya a hanya. Ku sayi burodin da safe, don gidajen burodin ƙauye suna rufewa da rana, da yawa kuma ba sa buɗewa ranar Litinin. Ruwa in ya ƙare, kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa, in ba a rubuta cewa ba na sha ba ne. Hular kwano dole ce ga yaron da bai kai 12 ba, doka ce tun 2017. Da yamma a duba jikin yara saboda kaska, dajin akwai barewa da aladun daji.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi duka: kada yaro ya shiga kogin nan. Za ku ga yashi fari shimfiɗe kamar na gulbinmu da rani, ruwan kamar bai kai gwiwa ba. Yashin yana zaftarewa a ƙarƙashin ƙafa, ruwan kuma yana ja. A Yulin 1969 yara 19 suka nutse rana ɗaya a Juigné-sur-Loire, kusa da Angers. Ko alwala za a yi, a ɗebo a gora.

Injiniya Angers: Hajiya ta faɗi gaskiya, mutanen nan har yau ba su manta da ranar ba. In ƙara ɗaya: wanda zai je da kaka ko hunturu ya sani lokacin farauta ne, akwai ranakun da ake rufe hanyoyin cikin daji. A Yuli ba ku da wannan matsalar.

Baban Iman: Allah ya saka da alheri. Sallah fa? Za mu yi ƙasaru?

Malam Habu: Daga Paris zuwa Blois kun wuce mil 48 nesa ba kusa ba, kuma ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda ba, don haka matafiya ne ku. Wurin sallah ba ya wuya, ko'ina ciyawa ce mai tsabta, ku dai ɗauki 'yar darduma mara nauyi. A Yuli magariba tana kaiwa wajen ƙarfe 10 saura, wunin yana da tsawo, babu dalilin gaggawa. Ku fita da sassafe, ku huta a inuwa in rana ta take. Sannu ba ta hana zuwa.

Baban Iman: To ga abin da na tsara, a gyara mini. Ranar farko jirgi zuwa Blois, mu kwana. Ta biyu Blois zuwa Chambord ta Saint-Dyé, mu kwana a kusa don kada yaron ya yi kilomita 40 a wuni ɗaya. Ta uku mu dawo Blois ta cikin daji, mu hau jirgi zuwa Amboise. Ta huɗu da safe ziyarar kaburbura, da rana mu kama hanyar gida. Chenonceau sai wata shekara in Allah ya kai mu. Kekunanmu na gida za mu kawo, gobe zan kai su wurin mai gyara.

Ɗan Damagaram: Ya yi Yaya. Ka taho da tub biyu na kowane girman taya, da kayan faci. In ranar Chambord ta faɗo Asabar ko Lahadi zan tare ku a Saint-Dyé in raka ku, na san inda ake tsallaka titi. Famfon iska yana wurina.

Maman Sadiq: Daren farko a gidana za ku ci tuwo, ka faɗa wa maman Iman ta yi mini magana ta gefe. Wurin kwana kusa da Chambord ku kama tun yanzu, Yuli ba a samu.

Malam Habu: Ranar Amboise ka sanar da ni da kwana biyu. Zan taho daga Tours a kan keke, mu haɗu a bakin gada ƙarfe 9, kafin jama'a su yi yawa.

Bakatsine a Lyon: In ta kama ƙarshen mako ku sa da ni. Ba ni da keke, a jirgi zan zo. Baban Iman, turo ranar.